Hantar Lamba Sha Huɗu

Zuwa ga Yaya Fiurenza, sarauniyar ɗakin gwaji,

Bayan gaisuwa mai tarin girmamawa, ina sanar da fadarki cewa ƙaninki Saveriu, wanda kuke kira malalaci, ya kayar da aladen dajinsa na farko. Ga yankin hantarsa nan don gwaji, lamba sha huɗu, kamar yadda kuka wajabta wa kowane maharbi. Sauran kuwa, bisa al'ada, rabon uba ne. Mama ta cusa ta a hanji ta yi figatellu, yana rataye bisa hayaƙi. Na ajiye miki hauren.

Naki, gwarzon tsauni.

Saveriu,

Ina gaida gida. Lamba sha huɗu na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in E. Kada Baba ya ci figatellun nan ɗanye. Magungunan da yake sha tun dashen ƙoda sun kashe masa garkuwar jiki. Abin da zai wuce wa kowa, shi yana iya cinye masa hanta. Ka ƙona shi yau.

Fiurenza.

Yaya mai daraja,

Gaisuwa. Takardarki ta iso Talata, an yi walima tun Lahadi. Baba ya ci ɗanye a gaban maharba goma sha biyu, yana ɗaga wuƙa yana cewa, "Ku gani, ashe ragon nan ɗana ne!" Ni na yanka masa da hannuna, har na ƙara masa.

Da na karanta masa saƙonki ya ce, "Kakanku ya yi shekara tamanin yana cin wannan. 'Yar birni ce za ta koya mini cin nama?"

Yanzu na naɗa kaina babban mai binciken idanu. Kowace safiya nakan ƙirƙiro dalilin jan shi bakin taga. Jiya ya bar rabin abincinsa. Yaya, launin rawaya daga wane gefen ido yake farawa?

Naki, Saveriu.

Saveriu,

Daina leƙen idonsa, sai an yi makonni kafin a ga komai. Kawo shi Litinin a ɗebi jini. In ya ƙi, ka tuna masa ƙodar wa ke cikinsa.

Fiurenza.

Yaya,

Ya ƙi. Na faɗa masa yadda kika ce. Sai ya ce, "Ƙodar Fiurenza ce," ya ɗauko hularsa.

Muna tafe a motar safe. Ki tsaya mana a bakin ƙofa, ba zan iya shiga da shi ni kaɗai ba.

Ƙaninki.