Barajin Baba Ya Fara Yoyo

Madarumfa, Lahadi 21 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Yaya Hamisu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hadiza da yara, Allah ya kiyaye ka da sharrin aikin ƙarƙashin ƙasa, amin. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da aka kai ta likita, har tana fita tsakar gida ta tsinci wake. Matata Atika ta sauka lafiya ranar sha biyu ga watan jiya, mace, an sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Damina kuwa bana ba a magana. Tsofaffi sun ce rabonsu da ruwa irin wannan tun kafin babbar yunwa. Hatsi ya fid da kai, gulbi ya cika ya tumbatsa, tabkin Madarumfa ya kai inda ban taɓa ganin ya kai ba.

Yaya, wannan ruwan da kowa ke murna da shi, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Barajin da Baba ya datse ƙorama da shi, wanda ke shayar da garkarmu da rani, ya fara yoyo. Kwana goma sha ɗaya ke nan da na ga wani ɗan jiƙo a gindinsa ta baya, daidai inda bagaruwar nan ta tsiro. Da fari ruwan garau yake fita, siriri kamar zare, na ce gumin ƙasa ne. Ranar Talata da na koma na tarar ya kai kaurin damtsena, kuma ya yi ja. Na sa hannu na tara, sai ga laka ta kwanta a tafina. Ruwa ba ya tsami banza. Na hau keke na zo Madarumfa, aka haɗa ni da wani ma'aikacin gine-ginen karkara da ya zo daga Maraɗi, ya yi mini kirki ya bi ni a kan babur ɗinsa. Ya zagaya, ya zura sanda cikin ramukan burgu guda uku har ta ɓace. Daga baya ya ce mini jan ruwan nan ƙasar barajin ce ke fita kaɗan-kaɗan, wato yana cin kansa ta ciki. Ya ce gyara na gaskiya sai da rani, da siminti da dutse, amma yanzu abu ɗaya ne: a buɗe tsohuwar mafita a rage ruwan ya koma rabi, kafin wani babban hadari. Na tambaye shi ko hukuma za ta taimaka. Ya ce barajin namu ne, ba ya cikin takardunsu, shawara kawai zai iya ba ni.

A nan dole in gaya maka abin da na daɗe ina ɓoye maka. Mafitar da Baba ya bari ta gefen gabas, inda ruwa ke malala idan ya cika, ni na toshe ta. Shekara huɗu da suka wuce, a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, bayan rasuwar Baba da wata bakwai, na ga ruwan yana ƙarewa tun albasa ba ta ƙosa ba, sai na ɗora ƙasa da buhunan yashi na ɗaga bakin da kamu biyu. Ban shawarce ka ba. Inna ta yi fushi a lokacin, ta tuna mini cewa Baba ya yi wasiyya kada a taɓa barajin sai da yawun babbanmu, wato kai. Na ba ta haƙuri, albasa ta yi kyau, maganar ta mutu. Ga shi yau ta taso.

Na je wurin Inna na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce na taɓa shi sau ɗaya da ra'ayin kaina, ga abin da ya haifar, ba za ta yarda in sake taɓa shi ba sai ta ji daga gare ka. Na ce mata Arlit ba nan kusa ba ce, ruwa kuma ba ya jiran mota. Ta ce idan na sa fartanya a barajin nan ba da izininka ba, ba da yawunta ba. Yaya, ka san nauyin wannan kalma a bakin mahaifiya. Ban ga laifinta ba, ni na koya mata rashin yarda da ni.

Ko da Inna ta yarda, akwai Malam Ɗanjuma, maƙwabcinmu na gona. Tun da na toshe mafitar, hanyar ruwan ta bushe, shi kuma ya share ta ya haɗa da gonarsa, don ƙasar tasu ce tun kakanni. Yanzu hatsinsa ne tsaye a wurin, ya fi ni tsawo. Idan na buɗe, ruwan ta kansa zai bi. Na same shi yana noma, na gaya masa. Bai yi faɗa ba, ya dai jingina da hauyarsa ya ce baki tara ne ke jiran hatsin nan. Na ce zan mayar masa daga rumbunmu idan an yi girbi. Ya ce rumbun ba nawa ba ne ni kaɗai, na gado ne, kuma wanda ya toshe hanya bai tambayi kowa ba, ba a ɗaukar alkawarinsa shi kaɗai. In dai babban gidan ya amsa a gaban mai gari, ya yarda. Mai gari ma da na je, abin da ya ce ke nan: a jira Hamisu.

To ka san wanda ke ƙarƙashin barajin. Gidaje shida ne a kwarin, na farkonsu na ƙanwarmu Rakiya. Daga bakin ƙofarta kana hangen bagaruwar. Na roƙe ta ta kwaso yara ta dawo gida tudu, ta ba ni ƙananan biyu, suna nan wurin Atika. Ita kuwa ta ƙi tasowa. Ta ce surukarta ba ta iya tafiya, mijinta Maman yana Ɗan Issa wajen dako, kuma ba za ta tsere ta bar maƙwabta su ce ɗiyar mai barajin ta san abin da ba su sani ba. Sai na bi gidajen nan shida ɗaya bayan ɗaya na gaya musu da bakina. Wasu sun gode, wasu sun ce shekara goma sha biyar barajin na tsaye, Allah ne ke tsarewa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ina za su je, kuma wa zai ɗauke musu rumbunansu.

Haka nake, Yaya, gaba kura baya siyaki. In na buɗe, na saɓa wa Inna, na cuci maƙwabci, kuma rabin garkar ba za ta sha ruwa da rani ba. In na bari, ban san abin da zan ce wa Allah ba. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Na ɗauki fartanya na tafi na tsaya a kan buhunan da na jera da hannuna. Iska ta taso, na ɗaga fartanyar, na kasa saukewa. Ina nan tsaye har hadarin ya karkata ya yi wajen garin Sarkin Yamma, ko ɗigo bai sauka mana ba. Da na dawo Inna ta dubi fartanyar, ta ga babu laka a bakinta, ta kau da kai. Rakiya kuwa, ashe tana ƙofar gidanta tana kallona tun daga farko. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Abin da nake roƙo ba kuɗi ba ne. Sadiƙ direban kamiyo, babbar motar kaya, da zai kawo maka wannan takarda zai kwana biyu a Arlit ya juyo. Kada ka rubuto, don Inna ba ta karatu, kuma idan ni na karanta mata za ta ce na ƙara nawa. Ka nemi rediyo mai kaset ka yi magana da bakinka. Ka kira sunanta, ka ce ka yarda a buɗe mafitar. Ka kira sunan Malam Ɗanjuma, ka ce hatsinsa yana wuyanmu. Idan kana da faɗan da za ka yi mini, ka sa shi a ciki, zan saurara a gaban kowa, na cancanta. Sadiƙ ya ce in hanya ta yi kyau, kwana takwas zuwa tara. Na tambayi ma'aikacin nan ko barajin zai kai haka, ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Atika da Rakiya suna gaida Hadiza, a shafa mini kan Samira da Bala. Ka gaida Kawu Ɗan Ɗelu idan kun haɗu a masallaci. Ka sa mu cikin addu'a. Ban taɓa zaton zan ga ranar da manomi zai ɗaga hannu yana roƙon a jinkirta masa ruwa a tsakiyar Agusta ba, amma abin da nake roƙo ke nan bayan kowace salla.

Wassalam.

Ƙanenka mai jiran muryarka,
Nasiru