Akuya Mai Ƙafa Uku da Gam ɗin Katako

Litinin, 8 ga Satumba

Na yi aika-aika, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Littafin akuya mai ƙafa uku, wanda na tono a akwatin Inna ranar da na je gyara mata rufi, bayansa ya ɓalle, takardu suna ta zuba. Ni kafinta ne, abin da ya ɓalle gam nake sa masa. Na shafa masa gam ɗin katako, ban yi rowa ba, na matse shi tsakanin katako biyu, na ɗora gwangwanin ƙusa ya kwana. Da safe baya ya kama daram. Shafukan ƙarshe ma sun kama. Sun zama falanki guda, ana iya yin ƙofar kabad da su.

Maman yara ta juya shi gaba da baya ta ce, "Saura fenti."

Talata, 9 ga Satumba

Na fara karanta wa yara da yamma a tsakar gida. Yaron da ya reni akuyar aka sa a jirgin ƙasa aka kai birni karatu, ita kuma ta bi layin dogo tana ɗingishi, sai ta same shi. Karatuna na ɗan aji huɗu ne, tafiyarsa irin ta akuyar, amma ina da murya, kuma rabin littafin yana kaina tun lokacin da Yaya take karanta mini muna yara. Auta ya ajiye wayar uwarsa da kansa ya hau cinyata. Rabon da yaron nan ya zaɓe ni a kan wayar har na manta.

Alhamis, 11 ga Satumba

Lauya ta zo ta tsaya bayan kafaɗata. 'Yata ta fari, aji shida, ni na sa mata sunan don ba a gama magana da ita. Mun kai inda akuya ta cinye tutar mai tsaron tasha, ta lashe baki ta ce a kawo gishiri. Auta har faɗuwa ya yi don dariya.

"Baba, ina aka rubuta gishiri?"

Na ɗora yatsa tsakiyar shafi. Ta ce nan "sai ta ci gaba da tafiya" aka rubuta. Na ce bugun zamaninmu ne, sai mai ido yake gani. Auta ya ce ai ya ji da kunnensa ta ce gishiri. Mu biyu, ita ɗaya.

A shago na bi shafin layi-layi. Babu gishiri. Tutar ma babu.

Asabar, 13 ga Satumba

Maman yara ta ce in bar yarinyar ta karanta, ta fi ni sauri. Mota ma ta fi ni sauri, ban ba ta 'ya'yana ba. Littafina ne.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na kira Yaya. Ta yi dariya har da tari. "Kunnuwa, kai har yanzu ba ka gane ba?" Gemuna ya fara fari, amma a bakinta ni Kunnuwa ne. Wai littafin lami ne, in ta karanta yadda yake sai in yi barci, shi ya sa take zuba masa abin da ya zo mata. Na tambaye ta ƙarshen fa, inda akuya ta iske yaron a ƙofar makaranta har aka ba ta benci a aji? Ta ce shi ma nata ne. Na ainihin ta ce ba ta tuna shi, ta sauya magana zuwa ciwon gwiwarta.

To sai me. Yayata ce ta rubuta rabin littafin da baki, ban ga wanda aka cuta ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Mun iso falankin. Na rufe littafi na gyara murya zan ba da ƙarshe da ka. Lauya ta ce ita abin da ba ta gani ba ba ta yarda da shi ba. Wannan na saba. Amma Auta ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Na cikin littafin nake so. Ta same shi ko ba ta same shi ba?" Na ce ta same shi mana. Ya ce, "Kai ka ce." Ya sauka daga cinyata ya tafi neman waya.

Na zauna da katakona a hannu. Ba wai abin ya dame ni ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Lauya da uwarta sun ɗora ruwa a wuta, suna kara littafin a tururi suna bin shafi da reza a hankali. Na ce aikin banza ne, gam ɗina ba ya saki. Yana saki. Na tsaya ne kawai don kada su ƙone, ban san yadda aka yi murfin tukunya ya zo hannuna ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Da hantsi Lauya ta same ni a shago, littafin a ƙarƙashin mayafi, ido ya yi ja. Ta ce tururi ne. Ta buɗe shafin ƙarshe ta ajiye kan teburin aiki, na bi shi da yatsa, ba ta gaggauta ni ba. Kalma ɗaya ta tsaya mini, na nuna, ta faɗa a hankali, ba ta dube ni ba.

Akuya ta isa birni. Yaron ya girma, ya sa takalmi, ya wuce ta a bakin tasha bai gane ta ba. A ƙasa kuma aka jera tambayoyi, wai wane darasi muka koya. Yanzu na san abin da ya kawo maganar gwiwa.

"Ba za a karanta wa Auta wannan ba," in ji ta. Sai ta ce in sam mata gam.

Na ba ta, kaɗan, a bakin tsinke. Ta manne shafi biyun ƙarshe, ta ɗora gwangwanin ƙusa da kanta.

Gobe ita za ta karanta har inda littafin ya buɗu. Maƙogwarona ne yake ɗan ciwo, ba wani abu ba. Daga nan ni zan ɗauka, ita kuma za ta ɗora yatsa a shafi ta ce wa Auta ga shi nan a rubuce. Sharaɗinta ɗaya: ƙarshen Gwaggonta bai yi ba, wai akuya ba ta shiga aji, in nemo wanda hankali zai ɗauka, kuma dole yaron ya gane ta tun daga nesa.

Na ce ƙaramin aiki ne. Tun azahar nake goge ƙafar kujera guda, har ta fi sauran siranta, kuma akuyar tana nan tsaye a bakin tasha tana jirana.