Kwanon Yajin Babanki

Zuwa ga Lujain, sanyin idona, iskar teku mai ratsa Jidda bayan la'asar, inuwar da nake fakewa a cikinta duk ranar da garin nan ya ɗauki zafi. Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya ma'abociyar murmushin da ya rage mini kewar gida.

Yau kwana huɗu ke nan ban ji muryarki ba. Kwana huɗu, Lujain! Na kira, na aika saƙo, shiru kake ji. Na san laifina, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin teku, ni da ke da yayarki Dalal, tun cikinta bai tsufa ba? Ina ta zuba miki labarin yadda ake bin abincin 'yan sama jannati daki-daki, tun daga gona har cikin kumbo, domin can sama babu asibitin da za a kai mai ciwon ciki. Kika yi dariya har kika rufe baki da gefen mayafi, kika ce mutumin da ke wanke hannu sau ashirin a wuni wata rana fatarsa za ta ƙare. Wallahi dariyar nan tana nan a kunnena, ita nake ji in na rufe ido. Ashe halin da ya ba ki dariya shi ne zai jawo mini fushinki?

Ranar Asabar da na zo gidanku a unguwar Mahjar gaishe da Baba, ya karrama ni fiye da yadda na cancanta. Mutumin da ya shekara talatin yana gasa tsire a unguwar nan, shi da kansa ya zaɓo mini tsinke mafi taushi. Sai dai aikina ke nan gwada abincin da ake saukewa daga jiragen ruwa, idona ya saba da ganin abin da ba a tambaye shi ba. Na ga kwanon da Baba yake birkita ɗanyen nama a ciki, daga cikinsa ya ɗebo yajin da ya barbaɗa a kan gasasshen. Na faki idonsa, na naɗe tsokar a takarda, na jefa aljihu. Ashe yana kallona. Mai neman aure ya sa naman surukinsa a aljihu! Wace irin wauta ce ta hau kaina? Na san ya ɗauka ƙyamarsa nake yi, ke ma haka kika ɗauka, kuma ban ga laifinku ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, ya hasken raina. Tsokar nan na kai ta ɗakin gwaji. Na shafa ta a farantin rainon ƙwayoyin cuta, na sa a na'urar ɗumi, ina ta roƙon Allah farantin ya fito fes, in zo in durƙusa gaban Baba ya yi mini duk faɗan da ya ga dama. Yau da safe na buɗe. Ɗigo-ɗigo ne birjik, kowanne da baƙi a tsakiyarsa: ƙwayar cutar nan ce mai sa zawo da zazzaɓi mai zafi. Gashin Baba ba shi da aibu, wuta tana kashe ta tas. A yajin da ake barbaɗawa bayan an sauke take komowa.

Za ki ce shekara talatin babu wanda ya mutu. Allah ne ya tsare, kuma mai ƙarfi yakan kwanta kwana biyu ya ce sanyi ne ya kama shi. To mai jego fa? Kakarki da ke fama da ciwon suga fa? Jibi Juma'a sunan jaririn Dalal, kuma Baba ya yi alkawarin ciyar da unguwa. Tun safe nake ganin farantin nan a gabana, ina ganin hannunki mai lalle yana miƙa wa Dalal tsire. Tsoro nake ji, Lujain, tsoron da ban taɓa ji ba.

Ba wani babban abu nake roƙo ba. A zubar da yajin da ke kwanon, a daka sabo, a raba shi gida biyu: na ɗanye dabam, na gasasshe dabam. Halas, shi ke nan. Ke Baba yake saurara, ke kika san lagonsa. Ki faɗa masa da muryar nan taki mai kwantar da guguwa.

Idan kuma ba za ki iya ba, gobe bayan la'asar zan zo in faɗa masa da bakina. Na san abin da zai iya biyo baya. Yana iya cewa kada in ƙara taka ƙofarsa, kuma ban san yadda zan zauna a Jidda ba tare da ke ba. Amma gara ki yi fushi da ni kina kan ƙafafunki, da in zo duba ki a gadon asibiti alhali na sani na yi shiru.

In an raba kwanon, ki ajiye mini tsinken farko. A gaban Baba zan cinye shi, in lashe yatsuna, ba zan ko nemi sabulu ba.

Naki, ko an buɗe mini ƙofa ko an rufe, har ranar da numfashina zai ƙare,
Na'ibi