Tambayar da Aka Yi Mini a Gaban Baba

Legas, ranar Talata

Baban Hawwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hawwa da Inna da duk mutanen Bunkure. Yaya aikin rani, ana sakin ruwa kuwa?

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Wurin da aka yi mini aiki a nono ya warke, kuma Baba yana ƙoƙari da ni.

Sai dai an dakatar da gashin da ake yi wa kansar da hasken na'ura. Ranar da za a fara, likita ta tambaye ni ko ina da ciki, Baba yana zaune kusa da ni riƙe da katina na asibiti. Ka san ko ruwa ban taɓa sha a gaban mahaifinka ba. Na sunkuyar da kai na ce a'a. Sau huɗu na kwanta a ƙarƙashin na'urar kafin amai ya tona ni. Cikin nawa wata biyu ne. Sun ce hasken na'urar yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jaririn, kuma babu mai ba ni tabbaci yanzu. Idan na jira haihuwa kuma, ciwon ba zai jira ni ba.

Ba na ɗora maka laifi, da bakina na ce a'a. Amma da kai ne a kujerar nan, da na faɗa. Ka ce ba a barin tumatir lokacin tsinka, ka turo Baba.

A riƙa sa wa Hawwa rigar sanyi idan za ta makaranta. A gaida Inna, kada a gaya mata tukuna.

Allah ya sa tumatirin ya yi kasuwa.

Matarka,
Lantana