Bargon da Inna ta rufa wa kwamfutata

Daren Laraba, Haɗejiya

Katin girafik ɗina, wanda ke sarrafa hoto a cikin kwamfutata, ya ƙone yau. Sai da na noma shinkafa damina biyu a Auyo kafin na saye shi. Fanka uku gare shi, saboda zafin garin nan.

Na bar kwamfutar a kunne tana sauke wani wasan gem daga intanet, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar an lulluɓe ta ruf da bargo, ɗakin sai ƙauri yake.

Inna ta leƙo tana murmushi. "Abu mai tsada haka ba a barinsa a buɗe, Sani. Bargon Babanku na ɗauko."

Tun rasuwarsa ba ta taɓa fito da bargon nan daga akwati ba.

Na ce, "Na gode, Inna." To me zan ce?