Da 'Ya'yana Yake Kafa Hujja, Alhali Na Yi Musu Rigakafi a Ɓoye

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a bari in kai ƙarshe, don ni ma ban raga wa kaina ba.

Ni matar aure ce a Gidan Igwai, 'ya'yana uku. Maigidana mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa barin mu da yunwa ba, amma a kan rigakafi ba ya jin kira. Shagon cajin waya gare shi, yini yake yana sauraren muryoyin da ake turowa a waya, wannan ya ce allurar tana kashe haihuwa, wancan ya ce wani likita a ƙasar waje ya tona asiri. Na taɓa tambayarsa sunan likitan da asibitin da yake aiki, sai ya ce yaushe na zama 'yar jarida. Tun ina da cikin fari ya rantse, duk ranar da na bari allura ta taɓa ɗansa, a bakin aurena.

To ni kuma da idona na ga ƙyanda ta cinye idanun ƙanena muna yara, har yau sai an yi masa jagora. Ta yaya zan iya zama? Sai na riƙa fakewa da zuwa gaida Innata a Arkilla, daga can mu zarce asibiti. Duka ukun an yi musu, babu wadda ta wuce su. In an ɗiga musu na baki aka shafa tawada a ɗan yatsa, in zauna da lemun tsami ina dirza har yaro ya yi kuka, abin da ya ƙi fita in rufe da lalle. Tabon da ke dantsensu kuwa na ce masa maruru ne. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma wannan yardar ce take ci na.

Yanzu ƙyanda ta shigo unguwarmu, yara sai kwanciya suke, nawa ko zazzaɓi babu. Shi ne maigidan ya ɗauki hotonsu ya tura zauren 'yan unguwa na waya da muryarsa, wai ga ɗiyansa nan, allura ba ta taɓa jikinsu ba, amma ciwon ya tsallake su. Mutane sai yaɗawa suke, har ni wata ƙawata ta turo wa daga Ƙofar Atiku. Gidaje da dama sun kori masu rigakafi saboda muryar nan. Ina ji ina gani 'ya'yana sun zama shaidar ƙarya, kuma ni na ƙulla ta.

Jiya ƙanwarsa Luba ta zo da 'yarta, wata tara cif, daidai lokacin allurar ƙyanda. Mijinta ya bar mata zaɓi. Ta same ni a madafa ta ce ita muryoyin waya ba su dame ta ba, ba ta san masu su ba, amma ni ta san ni. Ta ce, "Yaya, ke ba ki ƙarya. Tsakaninki da Allah, ba a taɓa yi ma ɗiyanki ba? In haka na, ni ma na fasa."

Maigidan yana tsakar gida yana alwala, yana jin mu. Na ce, "Ba a taɓa ba." Ta yi ajiyar zuciya, ta goya 'yarta ta tafi.

Luba ba ta iya riƙe magana, in na gaya mata da safe, kafin azahar ta kai kunnen yayanta, ga kuma rantsuwar da ya yi. Ina zan nufa da yara uku? In kuma na yi shiru, gidan da ke jikin nasu yara biyu ne kwance. 'Yar Luban nan ni na yi mata wankan farko, sunana aka sa mata. Jibi ne ranar allura a asibitin unguwarsu. Me zan yi?