Ruwan Wankin da Muka Ba Garka

Litinin, 5 ga Janairu, 2009

Yau na gane, da hantsi, ina tsaye da bokiti a hannu.

Baba Attaher ne ya zo karɓar wankinsa. Tsohon ma'aikacin rami ne, yanzu yana cikin ƙungiyar tsofaffin ma'aikata masu yawo da abin awon ƙurar iraniyom. Abin kamar ƙaramar rediyo, yana aljihunsa, ya manta bai kashe ba. A bakin ƙofa jefi-jefi yake ɗan ƙyas, ƙyas. Da ya bi ta gefen ramin yashin da ruwan wankina ke ratsawa kafin ya shiga garka, sai abin ya ɓarke kamar an yayyafa ruwa cikin mai mai zafi.

Ya duƙa, ya daɗe a duƙe. Ya ce, "Ɗiyata Madina, kayan wa kike wankewa a nan?"

Na ce na 'yan kwangila masu aiki a ma'adini, shekara tara ke nan.

Ya ce, "Ruwan fa?"

Ga salati nan gabansa, kore shar.

Malam, mijina, shi ya haƙa ramin nan. Duk mako sai ya kwashe lakar da ta taru, ya shanya ta, ya tankaɗe, ya watsa a fangali, wai taki ne. Yana tankaɗewa yana tari, ina yi masa dariya ina cewa ya zama fari kamar aljani. Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Ƙirji.

Talata, 6 ga Janairu

Na tambayi Baba Attaher kai tsaye, ƙurar nan ce ta kashe Malam? Ya ce shi ba likita ba ne, ba zai ɗora wa kansa abin da bai sani ba. Ya ce abin da ya sani kawai, ƙurar da ke jikin kayan can ta taru a yashin nan, kuma ba abin shaƙa ba ce, ba abin ci ba ce.

Ni ba na son "ban sani ba". A asibiti ma abin da suka ce da ni ke nan.

Laraba, 7 ga Janairu

Ban iya cin abinci ba. Ba ni kaɗai ba ce, abin da ke ci na ke nan.

Shekara uku da suka wuce mutanen wani poroje na taimakon mata suka zo, suka ga yadda muke tace ruwan wanki da tsakuwa da yashi da gawayi mu ba garka. Suka tafa mana. Suka ce a garin da ruwa ya fi nama daraja, wannan ita ce sana'ar da ba ta ɓarna. Suka tara mata masu wankau a tsakar gidan nan, ni ce malama. Mata goma sha ɗaya. Ni na riƙe hannunsu na nuna musu zurfin rami. Ni na ce musu kayan 'yan ma'adini sun fi, don sun fi yawa, ruwan ya fi isa.

Babu wanda ya tambaye ni kayan wa nake wankewa. Sun yi karatu har ƙasar waje, da mota mai sanyi suka zo, ba su tambaya ba. Ni da na tsaya a aji huɗu ce zan sani?

Gida goma sha ɗaya suna shayar da salati da ruwan nan yau da safe. Da bakina.

Juma'a, 9 ga Janairu

Na ɗauki taɓarya na farfashe magudanar da Malam ya gina. Kaf.

Zayyadu. Ga sunanka na rubuta, wanda ban taɓa kira da bakina ba. Kai da dabararka. Da ka bar ruwan ya bi kwararo kamar na kowa, da wa ya sani.

Asabar, 10 ga Janairu

Akoli mai tebur a kasuwa ya zo ɗaukar salati. Tun da aka fara dasa nakiyoyi a hanya, kayan garka ba sa saukowa daga ƙauyukan kan dutse sai an yi sa'ar rakiyar soja, don haka salatina kamar zinariya yake. Na ce babu.

Ya dubi fangali, ya dube ni. "Hajiya, wannan kuma ciyawar jaki ce?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce, "Duk Arlit ƙura ɗaya muke sha, ke ce za ki ware taki? Ki ba ni, ba wanda zai ji daga bakina."

Na ce ya fita mini daga gida kafin in manta shi babba ne.

Da ya tafi na tuge su duka. Akuyar maƙwabta ta leƙo, na kore ta da dutse. Ko ita ba zan ba ba.

Litinin, 12 ga Janairu

Gida huɗu na bi yau, na faɗa musu. Biyu sun yi kuka, ɗaya ta kawo mini ruwa. Larai ta ce da ma tana zargin wani abu. Ƙarya take, amma na bar ta, tunda ta yarda ta daina.

Kowace sai ta tambaye ni, to yanzu me za mu yi? Na ce ku daina karɓar kayan ma'adini. Suka ce mu ci me?

Alhamis, 15 ga Janairu

Dassin.

Ita ce wadda na fi so cikinsu, shi ya sa na bar ta sai yau. Buzuwa ce, fari ya cinye musu dabbobi suka shigo gari. Mijinta ya fita bara da rani bai dawo ba, wasu sun ce yana dutse tare da masu bindiga, wasu sun ce an kama shi. 'Ya'ya huɗu. Garkarta ta fi tawa kyau, ban taɓa faɗa mata ba.

Na same ta hannu cikin kumfa. Na yi bayani tun daga farko. Ba ta daina cuɗa ba. Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

Ta ce, "Madina, kai ka koya mini. Kai ka ce mai kyau ne. Yanzu mijinka ya mutu, ka zo ka kashe nawa aiki?"

Na ce ba aikinki na zo kashewa ba, 'ya'yanki nake ji.

Ta ce, "Ƙurarka shekara nawa yake kisa? Tara? Yunwa kwana bakwai ne. Na gani da idona, a daji."

Na ɗaga murya. Na ce mata abin da bai kamata ba, na ce in ta binne ɗa kada ta aiko mini. Ta miƙe, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta, ta nuna mini ƙofa da haɓa.

Ƙaramar 'yarta na zaune a bakin fangali tana cin tumati.

Juma'a, 16 ga Janairu

Astagfirullah. Bakina.

Litinin, 19 ga Janairu

Baba Attaher ya kawo ƙyallen rufe hanci da safar hannu, ya ce a jiƙa yashin kafin a taɓa don kada ya tashi. Muka kwashe ramin da saman fangali. Muka cika tonno uku, manyan gangunan ƙarfe, muka rufe.

Sai ina za a kai? Na ce bayan gari. Ya ce kafin la'asar wani ya kwashe ya yi yaɓen ɗaki da shi, garin nan ba a yar da komai. Gaskiyarsa. Mu da ko gwangwanin tumati sai mun mai da shi fitila.

Na ɗauki amalanke na kai tonno ɗaya ƙofar kamfanin ma'adini. Nasu ne, su karɓa. Mai gadi ya ce ba a shiga da kaya sai da takarda. Na ce da ƙurar ta fito a jikin riguna, da takarda ta fito? Ya ce, "Inna, ni gadi aka ce in yi." Ya aika ciki, aka ce 'yan kwangila ba ma'aikatansu ba ne, in je wurin mai kwangila. Mai kwangila yana Yamai.

Na dawo da abina cikin rana.

Asabar, 24 ga Janairu

Na sallami 'yan kwangila duka. Ɗaya ya ce to matarsa za ta wanke a gida. Na ce ya roƙi a wanke musu a can wurin aiki, kada ya shigo da su ɗaki. Ya ce an rage mutane sau biyu bana, wanda ya buɗe baki shi ne na uku.

Igiyoyin shanya fayau. Gidan ya yi shiru, ba wanki, ba tari.

Laraba, 28 ga Janairu

Baba Attaher ya zo da abin awonsa ya bi gidan lungu-lungu. Inda muka kwashe ya yi sauƙi sosai. Ya tsaya kan fasasshiyar magudana ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarna?"

Na ce ni.

Ya ce, "Dabarar mijinki ba ta da laifi, ɗiyata. Yashi ya yi aikinsa, ya riƙe abin da aka ba shi. Abin da aka ba shi ne mugu. Kawo ruwan wankin zannuwa da rigunan 'yan lakwal, yaran makaranta, ki ga ko abin nan zai yi kuka."

Na ce ba na son jin sunan garka har in mutu. Ya ce to, ya sha shayinsa.

Gida takwas na bi yanzu, ban da na Dassin. Shida sun daina zuba ruwan a garka. Biyu sun ce za su yi shawara, na san ma'anar wannan.

Lahadi, 1 ga Fabrairu

Na bi gidajen malaman lakwal da na ma'aikatan asibiti ina neman wankin gida, ni da a da ake layi a ƙofata. Na samu fiye da yadda na zata. Har matar wani soja ta ce in riƙa zuwa duk Talata.

Na hangi Dassin a bakin pampo. Ta juya mini baya. Ta rame.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Mafarkin Malam da rana tsaka, ina gyangyaɗi. Yana ta neman matankaɗinsa. Na farka ina jin haushinsa, sai kuma na rasa haushin.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Bayana ke ciwo, wankin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa, ba wani abu ba. Na ɗaure ƙunshin gidajen malamai uku na kai wa Dassin. Na ajiye a bakin ƙofa na ce daga yau nata ne, da sharaɗi ɗaya, ta san shi.

Ta kwance ƙunshin tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Babu na soja a ciki?"

Na ce na soja na riƙe wa kaina.

Ta ce, "Ka kyauta. Da na sa masa barkono a wando."

Ban yi niyyar dariya ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta dai tambaya ko tsohon nan mai rediyo zai zo ya auna mata rami, kuma wa zai taya ta kwasa. Na ce Laraba, ni da shi.

Da na dawo na ga ruwan wankin zannuwa na bin kwararo a banza, raina ya ƙi. Na kwaɓa ƙasa na ɗan liƙe magudanar, na zuba sabon yashi da gawayi. Ba shuka zan yi ba. Ruwan ne kawai nake tausayi.

Tonno uku suna nan bayan ɗaki, ba wanda ya karɓa. Saura gida biyu a unguwar Akokan, ban je ba tukuna.